Daga Gimbana Zuwa Jega: Darasin Gina Ƙasa Bayan Yaƙi

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Da aka nemi in ba da gudummawa ga wannan kundi, sai na ga babu abin da ya fi dacewa in rubuta illa tambayar da na shafe fiye da shekara arba'in ina bibiya a matsayina na ɗalibin tarihi da siyasa, kuma malamin jami'a. Tambayar ita ce: idan yaƙi ya ƙare, me wanda ya yi nasara zai yi da wanda ya sha kashi, musamman idan jiya tare suke a sahu ɗaya? Cin gari da yaƙi abu ne na kwana kaɗan. Zaunar da mutanensa su yi noma da fatauci, su yarda da alƙali, su aurar da 'ya'yansu ga waɗanda suka yaƙe su, wannan shi ne aikin da ke cin shekaru, kuma shi ne ake kira gina ƙasa.

Wannan maƙala za ta dubi tambayar ta fuskar ƙasar Jega da Aliero da Maiyama ta Jihar Kabi. Zan kawo abin da ya faru a ƙarni na 19, in gwama shi da yadda ni kaina na fahimce shi sannu a hankali, har da kurakuran da na tafka a hanya, domin ɗalibai masu tasowa su guje musu.

Yadda Na Shiga Wannan Fage

Ni haifaffen ƙasar Jega ne. Tarihin da aka koya mana a makarantar boko ya nuna cewa jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara da hijira zuwa Gudu a 1804, ya kammala da faɗuwar Alƙalawa a 1808, daga nan kuma sai jerin sunayen sarakuna. A gida kuwa wani labari nake ji daga bakin tsofaffi, labarin Gimbanawa da Malam Abdussalami da ɗansa Buhari. Ana ba da shi cikin alfahari, amma akwai wani ɓangare da in an zo kansa sai murya ta yi ƙasa. Wannan sassauta murya ita ce ta fara ja mini hankali.

Na shiga jami'a a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da fagen tarihin Arewa yake cike da muhawara. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith da ɗalibansa a Zariya, irin su marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, sun riga sun karya ra'ayin Turawan mulkin mallaka na cewa jihadin faɗa ne kawai tsakanin Fulani da Hausawa. Littafin Murray Last a kan Daular Sakkwato ya fito a 1967. Muhammad Bello Alƙali ya rubuta kundinsa a kan Kabi a ƙarni na 19 a 1969, S. A. Balogun ya rubuta nasa a kan masarautun Gwandu a 1970, sannan Farfesa Mahdi Adamu Ngaski ya fitar da littafinsa a kan tasirin Hausawa a Afirka ta Yamma a 1978. Ga kuma rubuce-rubucen marigayi Wazirin Sakkwato Junaidu. Waɗannan su ne ginshiƙan da na jingina da su.

Duk da haka, ƙuruciya ta ɗebe ni. A rubutuna na farko a kan Abdussalami na yanke hukunci cewa an zalunce shi ne don shi Bahaushe ne, shi ke nan. Na kai wannan ra'ayi gaban wani dattijo a Jega ina jiran yabo. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ɗana, in da ƙabilanci na kaɗai, mi yas sa kakanninmu ba su bi Kabawa ba sa'ad da sunka tashi? Ai Hausawa na su ma.” Na ce, “Allah gafarta Malam, ban yi tunanin wannan ba.” Ya ce in koma in sake karatu. Amsar wannan tambaya tasa ita ce ta zama aikin rayuwata.

Gimbana Da Mafarin Jihadi

Malam Abdussalami Ba'are ne, kuma yana cikin manyan almajiran Shehu waɗanda ba Fulani ba. A zamanin Sarkin Gobir Nafata, lokacin da aka kafa wa jama'ar Shehu dokokin takura game da wa'azi da naɗa rawani da lulluɓin mata, Abdussalami ya kwashi mutanensa ya bar ƙasar Gobir ya zauna a Gimbana, kusa da inda garin Jega yake a yau. Da Yunfa ya hau gadon sarauta sai ya nemi ya dawo, shi kuwa ya ƙi. A ƙarshen shekarar 1803 rundunar Gobir ta afka wa Gimbana, ta kashe na kashewa, ta kama sauran. A kan hanyar komawa aka bi da kamammun ta kusa da Ɗagel, jama'ar Shehu suka tare rundunar suka kwance 'yan'uwansu.

Wannan lamari shi ne ya kawo ƙarshen zaman doya da manja tsakanin Yunfa da Shehu. A watan Fabrairu na 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, a watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto. A 1805 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranci cin Birnin Kabi, jama'a kuma ta mayar da Gwandu sansaninta. A 1808 Alƙalawa ta faɗi.

Abin lura a nan shi ne, mutanen Gimbana su ne suka fara biyan kuɗin jihadi da jininsu tun kafin a ɗaga tuta. Duk wanda bai riƙe wannan ba, ba zai gane zafin abin da ya biyo baya ba.

Rabon Ƙasa Da Ƙorafin Abdussalami

Wajen 1812 Shehu, yana zaune a Sifawa, ya raba ɗawainiyar mulki: yamma a hannun ƙanensa Abdullahi, gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello, sauran manyan kwamandoji kuma kowa da yankinsa. Rabon Abdussalami shi ne Sabiyal da kewayenta, ƙarƙashin Malam Abdullahi. Sabiyal ɗin nan tana cikin ƙaramar hukumar Aliero a yau. Shi dai yana ganin wannan kaso bai kai matsayinsa da wahalar da mutanensa suka sha ba. Da ya fara faɗaɗa ikonsa sai saɓani ya taso, aka kira shi gaban Shehu, daga bisani aka zaunar da shi a Kware, arewa da Sakkwato, inda ya gina gari mai ganuwa.

Shehu ya rasu a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Ba a daɗe ba dangantaka tsakaninsa da Abdussalami ta lalace. Babbar madogararmu a nan ita ce littafin Bello mai suna Sard al-Kalam, wanda ya tattara wasiƙun da suka yi musaya. Abdussalami ya yi ƙorafi a kan zalunci da son duniya da ya ce sun shigo cikin jama'a, da kuma yadda aka raba ƙasa aka bar shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Bello kuma ya tuhume shi da hulɗa da abokan gaba, da ba su mafaka, da buɗe musu hanyar ciniki a lokacin da tawaye ya kunno kai ta ko'ina. Wasiƙu ba su yi magani ba. A farkon 1818 aka ci Kware, Abdussalami ya fita da rauni, ya rasu a Bakura.

Abubuwa biyu na koya daga wannan littafi bayan na sake karanta shi da idon basira. Na farko, Bello bai ɓoye hujjojin abokin hamayyarsa ba, ya rubuta su ya amsa. Ba don haka ba, da yau ba mu san abin da Abdussalami ya faɗa ba. Amma dole ɗalibi ya tuna cewa alƙalamin na wanda ya yi nasara ne. Na biyu, kukan da Abdussalami ya yi a kan son duniya ba shi kaɗai ya yi shi ba. Malam Abdullahi da kansa ya taɓa barin rundunar wajen 1807 saboda irin wannan takaici, ya nufi gabas har ya isa Kano, inda ya rubuta Diya'ul Hukkam. Hasali ma an san yana da ra'ayi na daban a kan hukuncin Musulmin da ya taimaki abokan gaba, wato ko hakan kafirci ne ko saɓo. Ashe ke nan rigimar ta haɗa zancen rabo da na adalci da na fiƙihu. Asalin mutum yana ciki, ban musa ba, amma bai isa ya bayyana komai ba.

Kalambaina: Inda Aka Ɗinke Ɓaraka Biyu

Ragowar mutanen Abdussalami sun koma yamma suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu. Kada mai karatu ya rikita ta da Kalambainar da ke gefen Sakkwato inda ake yin siminti. Daga nan suka matsa wa Gwandu lamba, Malam Abdullahi ya kasa murƙushe su shi kaɗai.

A wannan lokaci akwai tsamin dangantaka tsakanin Abdullahi da ɗan wansa Bello, tun ranar da ya zo Sakkwato bayan rasuwar Shehu ya tarar an riga an naɗa Bello, ya juya. Wajen 1820 Bello ya taho da runduna ya taimaki baffansa aka ci Kalambaina. Ruwayar da ta shahara ta ce da suka haɗu, Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Daga wannan rana Gwandu da Sakkwato suka zama tagwayen cibiyoyin daula ɗaya, har zuwan Turawa.

Yawancin littattafai a nan suke tsayawa, domin sulhun manya shi ya fi daɗin faɗi. Amma akwai ɓaraka ta biyu, wato makomar Gimbanawa. Ga jama'a mai yawa, masu ilmi da sanin yaƙi, an kashe shugabansu, an ci garinsu sau uku: Gimbana a hannun Gobirawa, Kware da Kalambaina a hannun 'yan'uwansu na jiya. Ana iya tarwatsa su, ana iya korar su su faɗa hannun Kabawa masu tirjiya. Abin da aka yi shi ne aka karɓi mubaya'ar Muhammadu Buhari ɗan Abdussalami, aka bar shi ya tara mutanen ubansa ya kafa gari a bakin Gulbin Zamfara, kusa da kufan Gimbana. Wannan gari shi ne Jega, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Kabin Jega.

A duba abin da wannan sulhu ya ƙunsa. An ba su ƙasa, kuma ƙasar da suke da tarihi da ita. An bar musu shugabansu na jini, ba a ɗora musu baƙo ba. An ba shi sarauta mai nauyi, mai ɗauke da sunan Kabi kanta. Su kuma sun karɓi ikon Gwandu da shari'arta. Wato abin da uban ya nema bai samu ba, wani kaso mai tsoka daga cikinsa ya zo hannun ɗan. Na sha tambayar ɗalibaina a aji: da an yi wannan rabo a 1812, da jinin Kware ya zuba? Ba mai iya ba da tabbacin amsa, amma tambayar tana koya wa mai mulki cewa rigakafi ya fi magani.

Kasuwa A Matsayin Maɗaurin Sulhu

Takarda da rantsuwa ba su ne suka riƙe wannan sulhu ba. Na daɗe ina neman sirrin a cikin littattafan malamai, sai daga baya na gane cewa rabin amsar tana kasuwa. Jega ta zauna a mahaɗar hanyoyi. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro daga Kano da Katsina da Sakkwato sukan yada zango a nan kafin su tsallaka Kwara su ratsa ƙasar Bargu zuwa Salaga. Suna tafiya da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su komo da goro. Gishirin Foga yana shigowa daga yamma, kayan Nupe da na ƙasar Yarbawa suna haurowa daga kudu ta Yawuri. Gaskiyar tarihi kuma ta tilasta a faɗa cewa har da bayi a cikin abin da ake saye da sayarwa, kamar sauran manyan kasuwannin wancan zamani. Kafin ƙarshen ƙarnin, Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular baki ɗaya.

Wannan bai saɓa wa tunanin shugabannin jihadi ba. A cikin Usul al-Siyasa, wanda Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya nuna cewa wajibi ne shugaba ya kula da masu sana'a da kasuwanni da hanyoyi. Abin sha'awa shi ne, ciniki yana cikin laifuffukan da aka tuhumi Abdussalami da su a Kware, sai ga shi ciniki ne ya ɗaure 'ya'yansa da daular a Jega. Mutumin da yake da rumfa da fatoma da baƙin da ke sauka gidansa kowace shekara, shi ne na farko da zai yi asara in hanya ta rufe. Gwandu tana samun kuɗin shiga, Gimbanawa suna samun arziki da martaba, kowa ya ga zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Ɗaya Fuskar: Kabi Da Lafiyar Toga

Don a gane darajar abin da aka yi a Jega, sai an kwatanta shi da abin da ya faru da gidan sarautar Kabi. Bayan faɗuwar Birnin Kabi, Sarki Muhammadu Hodi ya ci gaba da tirjiya har aka kashe shi. Karari ya ɗora daga inda ya tsaya, shi ma aka kashe shi a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato inda ya yi shekaru a tsare cikin fada. A 1849 Nabame ya koma ya ɗaga tutar tawaye a Argungu, Arawa da Dandawa da Zabarmawa suka mara masa baya. Da Baturen nan mai yawon bincike Heinrich Barth ya sauka Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu, ya tarar da ƙasar cikin ɗar-ɗar saboda wannan yaƙi. A duk tsawon wannan gwagwarmaya Jega tana ɓangaren Gwandu. Ga amsar tambayar dattijon nan.

Wajen 1867 aka ƙulla yarjejeniyar da ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga. An amince da 'yancin Argungu, kowane ɓangare ya riƙe garuruwan da ke hannunsa. Ta yi kimanin shekara takwas ta warware, aka koma fagen daga har zuwan Turawa. A fahimtata, Lafiyar Toga hutun gajiya ce. An ajiye makami, amma ba a gina wani abu na tarayya da zai sa komawa yaƙi ya zama asara ga kowa ba. Sai a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka shirya masa gagarumin su, sannan aka rufe wannan babi a idon jama'a. Daga wannan ziyara bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffarsa ta yanzu.

Abin Da Na Gani A Aliero Da Maiyama

Gani ya kori ji. Shekarun da na yi ina yawon tattara ruwayoyi a garuruwan da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Yawuri, daga Aliero zuwa Jega zuwa Maiyama, sun koya mini abin da ɗakin karatu bai koya mini ba. A ƙauyuka da dama na ƙasar Maiyama, in ka tambayi asalin gari, labarin yakan fara ne da gudun yaƙi ko neman mafaka. Sai ka tarar da unguwar Kabawa da ta Fulani da ta Gimbanawa a gari guda. Sarauta tana wannan gida, limanci yana wancan, sarkin ruwa ko sarkin noma yana wani gidan dabam. Da na bi salsalar aure a wasu gidaje, sai na ga jikokin waɗanda suka yaƙi juna sun zama 'yan ɗaki ɗaya tun ƙarni bai cika ba. A nan na gane cewa ƙasa ba a fada kaɗai ake gina ta ba. Rabon muƙamai a ƙauye da gonar da aka yanka wa baƙo da sahun masallacin Juma'a su ne tubalan.

Aliero kuwa ta shahara da abu biyu, albasa da ɗori. Na taɓa zama wurin wani maɗori ina kallon aikinsa. Ya ce mini abu uku ke sa ƙashi ya kama: a daidaita bakin karayar ko da majinyaci zai yi ihu, a ɗaure da kara yadda ba zai motsa ba, sannan a ba shi lokaci. Ya ce wanda ya ji tausayin ihu ya ɗaure ba tare da ya daidaita ba, ƙafa za ta warke a karkace, sai an sake karya ta. Tun daga ranar nake ba ɗalibai wannan misali in muna zancen sulhu.

A wannan yawo ne kuma na yi sakacin da har yau yake damuna. Wani malami ya nuna mini tarin takardun kakanninsa a cikin gafaka, har da wasiƙu masu hatimi. Na duba sama-sama na ce zan dawo da na'urar ɗaukar hoto. Hidimar aji da ta jarrabawa suka ɗauke mini hankali, ban koma ba sai bayan shekara uku. Na tarar malamin ya rasu, damina ta rusa ɗakin, gara ta gama da abin da ruwa ya bari. Laifin nawa ne ni kaɗai. Ina roƙon duk mai bincike, in ya ga takarda yau, ya kwafe ta yau.

Daga Zuwan Turawa Zuwa Yau

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Gwandu ta rasa ikonta a kan masarautu irin su Nupe da Ilori, ta koma masarauta guda mai gundumomi, Jega tana cikinsu. Bayan tawayen Satiru na 1906 Turawa suka sauya Sarkin Gwandu, hedikwatar masarautar kuma ta tabbata a Birnin Kabi. Irin nasu gina ƙasar ya dogara ne a kan bindiga da haraji da En'e. Bayan mulkin kai aka shiga Jihar Arewa Maso Yamma a 1967, Jihar Sakkwato a 1976, sannan a ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kabi. Masarautun Gwandu da Argungu, waɗanda suka shafe mafi yawan ƙarni na 19 suna yaƙi, suka zauna a inuwa ɗaya tare da Yawuri da Zuru. A shekarar 2000 jihar ta bi sahun masu faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, abin da ya sake taso da tsohuwar muhawara a kan addini da mulki da haƙƙin wanda ba Musulmi ba. A 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero.

Ƙasar nan kuma ta haifi masanin da ya fuskanci irin wannan tambaya a aikace. Farfesa Attahiru Muhammadu Jega, masanin kimiyyar siyasa, ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i daga 1988 zuwa 1994, ya zama shugaban Jami'ar Bayero a 2005, sannan ya riƙe hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015. Zaɓen 2011 ya ƙare da tarzomar da ta ci rayuka a Arewa. Na 2015 kuwa, wanda aka rattaba hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya kafinsa, ya ƙare da shugaba mai ci ya amince da shan kaye. Darasin ɗaya ne da na Kalambaina: wanda ya faɗi yana miƙa wuya ne in ya tabbata yana da makoma.

Na karanta abin da aka yi a wasu wurare, kamar shirin sasantawa da sake gini na Janar Yakubu Gowon bayan yaƙin basasa a 1970, da hukumar gaskiya da sasantawa ta Afirka ta Kudu, da kotunan gargajiya na Ruwanda bayan kisan ƙare dangi na 1994. Duk akwai abin koyo a cikinsu. Abin da ke ba ni takaici shi ne ɗalibanmu sun fi sanin waɗannan a kan abin da ya faru a bayan gidansu.

Kammalawa

A yau yankin Arewa maso Yamma yana fama da 'yan bindiga, kuma wasu sassan jiharmu sun ɗanɗana, kamar sace ɗalibai a Birnin Yawuri a 2021 da harin Mera a ƙasar Augie a 2024. Sulhun da aka gwada a Zamfara da Katsina a 2019 bai ɗore ba. Ba ina kwatanta Malam Abdussalami da ɓarayin daji ba ne, Allah ya kiyaye. Shi malami ne mai hujja da alƙalami. Abin da nake cewa shi ne, wata rana wannan fitina za ta ƙare da yardar Allah, kuma za a wayi gari da dubban mutanen da aka raba da gonakinsu da rugagensu, da matasan da ba su san wata sana'a ba sai makami. A ranar za a buƙaci abin da tarihin Jega ya nuna: a saurari ƙorafi tun yana wasiƙa kafin ya zama ganuwa, a bambanta mai laifi da jama'arsa, a ba mutane ƙasa da shugabancin da suka yarda da shi, a buɗe kasuwa da hanya, a tsayar da alƙalin da kowa zai iya kai ƙara gabansa.

Ina kira ga hukuma da masarautu da jami'o'inmu da su killace wuraren tarihi irin su Gimbana da Kalambaina, su tattara takardun da ke gidajen malamai a Jega da Aliero da Maiyama, su naɗi muryoyin tsofaffin da suka rage. Dattijon da ya gyara mini kuskurena ya daɗe da rasuwa, kuma ban naɗi muryarsa ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan magabatanmu na kowane ɓangare, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.